Daga Zariya zuwa Musawa, a kan sawun Bala Usman

Kawu ne ya ja ni wannan tafiya, ko da yake shi har gobe cewa yake yi ni na ja shi. Daga gardama abin ya taso, a kan tabarma bayan sallar isha'i. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a Zariya, kuma a zangon nan na ba 'yan aji shida aikin rubuta rayuwar wani masanin tarihi. Yara bakwai suka zaɓi Dakta Yusufu Bala Usman. Dukansu layi huɗu iri ɗaya suka kwaso mini daga waya: an haife shi a Musawa a 1945, ya yi firamare a Musawa da Kankiya da Minna, ya yi Kwalejin Gwamnati ta Kaduna, ya tafi Ingila. Daga nan sai su yi tsalle su dira kan siyasa da sa-in-sar da ya yi da gwamnatoci. Shekara ashirin da biyu na rayuwar mutum, an gama da su kafin shayi ya huce.

Ina cikin faɗa sai Kawu ya katse ni. "To kai da kake yi musu faɗan, ka taɓa taka Musawa?"

Na yi shiru.

"Ashe kai ma layi huɗun gare ka. Naka dai da babbar riga."

Kawu tsohon hedimasta ne. A zamanin samartakarsa keke yake hawa daga Tudun Wada har Samaru don ya saurari lacca, kuma katinsa na jam'iyyar PRP yana nan a ƙasan akwati tare da takardun gida. Ranar Juma'ar da ta biyo baya, ana idar da sallar asuba na same shi a zaure ya naɗe rawani saboda hunturu, ya aje buta da ledar goro a gabansa.

Ta ƙarshen labarin muka faro, don shi ne a ƙofar gidanmu. Muka tsaya a bakin Kwalejin Barewa gari bai gama wayewa ba. Nan Bala Usman ya fara koyarwa da ya dawo daga Ingila a 1967, yana da shekara 22, ya zauna har 1971. A lokacin sunanta Kwalejin Gwamnati ta Zariya, sai a 1971 ɗin ta koma Barewa. Na tsaya ina lissafi a raina: manyan ɗaliban da ke karatun HSC, na share fagen shiga jami'a, bai girme su da wasu shekarun kirki ba. Umaru Musa 'Yar'aduwa ma a 1971 ya gama nasa HSC ɗin a nan. Makarantar kuwa ba baƙuwar gidan su Bala ba ce. A Katsina aka kafa ta a 1921, kakansa Sarki Muhammadu Dikko yana kan gado, aka mayar da ita Kaduna a 1938, ta sauka Zariya a 1949. Ita ta yaye Tafawa Ɓalewa da Sardauna, ita ta yaye Gowon wanda ke riƙe da ƙasar a shekarar da sabon malamin ya fara riƙe alli, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke.

Kawu ya ce, "Makarantar da aka gina don a samu masu cewa to, sai ga ta ta ɗauki mai cewa don me."

Muka bi ta Samaru, muka wuce ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello ba mu shiga ba. Nan ya yi digirinsa na uku a 1974, nan ya yi kusan duk rayuwarsa ta aiki har ya rasu ranar 24 ga Satumba 2005. Wannan kowa ya sani. Abin da ya fito da mu yana gaba.

Daga Shika zuwa Giwa hazo ya rufe hanya, sai fitilun tireloli kake gani kamar idon mage. An gama girbi, gonaki sun zama kara da ƙura, shanu suna kiwo a cikinsu. A Funtuwa muka karya wajen wani mai shayi kusa da tasha, ya soya mana ƙwai da albasa har da tarugun da ban roƙa ba. Motocin auduga da na masara suna ta wucewa. Da ya ji inda muka nufa sai ya daina fifita wuta ya dube mu. "Musawa? Ku je da rana, ku fito da rana. Kada la'asar ta same ku ciki." Maganar nan mun sake jin ta a Bakori, mun sake ji a Malumfashi. Kowa ya san halin da ƙauyukan wannan yanki suka shiga saboda 'yan bindiga, kuma ba wanda yake tsawaita zancen. Mutum ya faɗa maka, ya ce Allah ya tsare, ya koma kan sana'arsa.

Bayan Dayi muka kai Marabar Musawa, muka karya hagu. Kawu ya fara ba ni salsala, yana lissafawa da yatsu kamar mai ƙirga bashi. Mahaifin Bala ya riƙe sarautar Durɓin Katsina, ɗan'uwan Sarki Usman Nagogo ne. Kakansa na wajen uba Sarki Dikko, wanda ya hau a 1906 ya rasu a 1944, shekara guda kafin a haifi yaron. Mahaifiyarsa 'yar Sarkin Kano Abdullahi Bayero ce. Ta ko'ina ka juya shi, sarauta ce.

"Ka ga irin wannan yaron," in ji Kawu, "tun yana goye ake faɗuwa ana gaishe shi. Da ya so, da rawani zai mutu. Amma ya je ya zauna da mu 'ya'yan talakawa, har ya yi wa Balarabe Musa sakataren gwamnati."

Na ce, "Kawu, ai wasu cewa suke yi don yana da inuwar komawa ne ya iya faɗan. Ɗan talaka in ya faɗi rabin abin da ya faɗa, da tuni an manta da shi a kurkuku."

Ya tauna goronsa ya daɗe. "Akwai gaskiya a ciki. Amma 'ya'yan sarki nawa ne suke da inuwar, nawa suka fito rana?"

Musawa gari ne na manoma, ba ya nuna kansa. Masallaci, shagunan caji, 'yan acaɓa a gindin dalbejiya, buhunan wake an jingine a bango. Na tambayi wani matashi mai babur ko ya san Dakta Bala Usman. Ya ce, "Na wace jam'iyya?" Kawu ya yi dariya har ya sarƙe. Sai yaron ya nuna mana majalisar wasu dattawa a ƙofar wani gida, ya ce in dai zancen mutanen da ne, can za mu je.

Muka yi sallama, aka shimfiɗa mana buzu, aka kawo ruwa a kwanon sha. Gaisuwa ta ɗauki lokacinta: gajiya, sanyi, iyali, mutanen Zazzau. Da na faɗi abin da ya kawo mu, babban cikinsu ya ce, "Jikan Dikko? Mai gardamar nan ta rediyo? Allah shi jiƙan shi. To mi kuke bida?"

Na ce, "Baba, inda tsohuwar elemantare take nake son gani, wadda ya fara shiga."

Nan fa ake yin ta. Shi ya nuna gabas. Na kusa da shi ya ce a'a, wancan ginin daga baya ne, ta farko tana wajen gidan hakimi. Na ukun, wanda tun zuwanmu bai ce uffan ba, ya ce duk su biyun yara ne a lokacin, ajin farko ma rumfa ce, kuma wurin yanzu gidajen mutane ne. Murya ta fara tashi. Na fito da littafina ina rubutawa ina sokewa. Kawu ya matso ya raɗa mini, "Kada ka soke ko ɗaya. Rubuta wanda ya faɗa, da shekarunsa, da inda gidansa yake."

Ban gane hikimar ba sai da muka tashi. Wanda ya nuna gabas a gabas yake zaune. Wanda ya ce wajen gidan hakimi, uban shi bafade ne. Ba wanda ya yi mana ƙarya. Kowa daga ƙofar gidansa yake hango abin.

Wannan shi ne darasin da aka fi sanin Bala Usman da shi a ajin tarihi. Akwai takardar da ya rubuta a kan Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Katsina a 1851, wanda masana suka daɗe suna ɗaukar rubutunsa kamar yankan wuƙa. Bala bai ce a jefar da Barth ba. Cewa ya yi a tambaya: wa ya sauke shi, da wa ya zauna, wa ya yi masa tafinta, me ya zo nema, da wane tunani ya baro gida? Takardar Bature da bakin tsoho duk ma'auni ɗaya ya ɗora su. Na sha koyar da wannan a allo. Sai da dattawa uku suka nuna mini kusurwa uku sannan ya shige ni.

Muka zaga muka tsaya a bakin wata firamare, yara suna ta rera jadawalin biyu. Na yi ƙoƙarin mayar da wurin farkon shekarun 1950. Makarantar En'e ce a lokacin, ƙaramar firamare aji huɗu, da Hausa ake fara karatu, Turanci sai an ɗan yi nisa. Talakawa da yawa ɓoye 'ya'yansu suke yi a rumbu in an zo ɗaukar 'yan boko, don haka 'ya'yan hakimai da na dagatai su ake fara turawa don a ga misali. Da safe boko, da yamma allo. Tarihin da ake ba yaro kuwa jerin sarakuna ne da labarin Bayajidda da macijiyar rijiyar Daura, sannan zuwan Turawa da zaman lafiyar da aka ce sun kawo. Ga yaron da sunayen cikin jerin kakanninsa ne, wannan ba darasi ba ne, hirar gida ce. Abin da na tsaya ina juyawa ke nan a bakin katangar: yadda mutum zai tashi a cikin labari, a yi masa kirari da shi, daga baya ya dawo ya tsare labarin da tambaya.

Ƙarfe ɗaya Kawu ya dubi rana ya ce mu kama hanya. Muka fito ta Marabar, muka haɗu da titin Kano zuwa Katsina, muka yi arewa. Kafin Kankiya taya ta yi faci. Mai facin da muka samu ya ce sai ya yi sallar Juma'a, muka bi shi muka yi tare, muka dawo ya yi aikin yana ba mu labarin farashin taki.

Kankiya ba ta riƙe mu ba. Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne tsarin: babbar firamare, aji biyar zuwa bakwai, ba kowane gari ke da ita ba a wancan zamani. Yaro in ya ci jarrabawa sai ya bar gaban uwarsa da akwatin ƙarfe da tabarma. Daga Musawa zuwa Kankiya tafiyar ƙasar Katsina ce, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, kowa ya san ɗan wane ne. Minna kuwa wata duniya ce. Garin jirgin ƙasa, ƙasar Gwari, ga Nufawa, ga Yarbawa da Ibo ma'aikatan reluwe. Ni a ganina wannan zangon ne ɗalibaina suka fi yi wa rowar tawada. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da masu raba tarihin Najeriya gida-gida bisa ƙabila, tun bai balaga ba ya zauna aji ɗaya da yaran da kirarin Dikko bai dame su ba. Kawu ya ce wannan fassarata ce, ba hujja ba. Na ce na yarda, amma ba zan janye ba.

Da magariba muka shiga Katsina, muka sauka gidan wani abokin Kawu. Bayan tuwo da miyar kuka aka baje hira a tsakar gida, aka hura gawayi a kasko. Ragowar karatun a nan muka bi shi da baki, tunda mota ba za ta kai mu ba. Kwalejin Gwamnati ta Kaduna, a babban birnin Jihar Arewa, yana ɗan shekara 15 aka sauke tutar Ingila. Daga nan Landan, wata kwalejin share fagen shiga jami'a, sannan Jami'ar Lankasta inda ya karanta tarihi da kimiyyar siyasa.

Mai masaukinmu ya ce shi ya ɗauka Oksfod ko Kambirij ake kai 'ya'yan sarakuna. Na ce ai abin sha'awar ke nan. Lankasta a 1964 ta buɗe, shi kuwa a 1967 ya dawo gida, ka ga da shi aka buɗe ƙofa. Jami'ar ma ba ta da mazaunin kanta a farko, a tsohon ginin wani kamfanin kujeru da gadaje a cikin gari aka fara karatu. Ba tsohuwar al'ada, ba hotunan magabata a bango. Kuma shekara guda kafin buɗe ta, a 1963, babban malamin tarihi na Oksfod, Hugh Trevor-Roper, ya tsaya gaban jama'a ya ce Afirka ba ta da tarihin da za a koyar, in ban da na Turawan da suka shigo ta, sauran duhu ne. Ka ɗauki saurayin da ya tashi yana ganin hasumiyar Gobarau, ya san Ɗan Marina da Ɗan Masani sun yi karatu da rubutu a Katsina tun ƙarni na 17, ka zaunar da shi a ƙasar da ake faɗin haka da babbar murya. Ko dai ya sunkuyar da kai, ko ya dawo da faɗa a bakinsa.

Da ya dawo ya tarar da wanda zai saita masa faɗan. Abdullahi Smith Bature ne ɗan Ingila, ya koyar a Ibadan, ya zo Zariya a 1962 ya kafa sashen tarihi na sabuwar jami'a, ya musulunta, daga baya ya kafa Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi, a Kaduna a 1970. Smith ya riga ya fara tuhumar labarin Bayajidda, yana cewa ƙasashen Hausa ba baƙo ɗaya ne ya zo ya haife su ba, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni suka tsiro, ta hanyar noma da ƙira da kasuwa da hijirar mutane. A hannunsa Bala ya yi bincikensa, tun yana koyarwa a Barewa ya fara. Da aka zo zaɓen abin da zai bincika, bai je nesa ba. Katsina ya ɗauka.

Littafin da ya fito daga binciken a 1981, The Transformation of Katsina, 1400–1883, na karanta shi sau biyu, na farko don jarrabawa, na biyu don kaina. Ba littafin hira ba ne, yana da nauyi, wani shafin sai ka maimaita. Amma abin da yake cewa a fili yake. Jihadin da ya kawar da sarakunan Katsina na da, har suka koma Maraɗi, ba yaƙin Fulani da Haɓe ba ne kamar yadda Turawan mulki suka rubuta mu kuma muka hadda. Akwai Hausawa a ɓangaren masu jihadi, akwai Fulani a ɓangaren sarki. Rikicin na tsarin sarauta ne da malamai da 'yan kasuwa da manoma da makiyaya, na haraji da shari'a da wanda zai riƙe gari. Jikan sarkin Sulluɓawa ne yake rubuta wannan, alhali fassarar ƙabila ita ta fi yi wa gidansu daɗi.

Da safe muka leƙa tsohon ginin Kwalejin Katsina, jan ginin ƙasa mai kaurin bango, ɗakunan da sanyi kamar randa. Muka tsaya a gindin Gobarau, Kawu ya ce gwiwarsa ba ta hawa, ni ma na fake da shi. Daga nan muka yi gabas, ƙasar Mani, wajen Durɓi ta Kusheyi.

Ni na nace a kan wannan zangon, don sunan. Kafin Muhammadu Korau ya kayar da Sanau ya kafa sabuwar sarauta a Katsina, Durɓawa ne masu ƙasar, kuma nan ne mazauninsu. Gidan ya faɗi, sunan ya rayu ya zama sarautar Durɓi a fadar waɗanda suka gaje su. Bayan jihadi sarautar ta koma wani gidan kuma. Dikko kansa Durɓi ne kafin ya zama sarki, ɗansa mahaifin Bala ya riƙe ta. Wato sunan da yaron ya tashi yana ji ana kiran ubansa da shi ya girmi gidansu da ɗaruruwan shekaru, ya ratsa juyin mulki biyu, kowane mai mulki ya karɓe shi ya sa masa sabuwar ma'ana. Wanda ya lura da wannan tun yana ƙarami, ba sai an gaya masa cewa sarauta aba ce mai sauyawa ba.

Wurin kansa ba ya da hayaniya. Tuddai ne na ƙasa a tsakiyar gonaki, da manyan kukoki da suka zubar da ganye. In ba an gaya maka ba sai ka wuce. Kaburburan manya ne. Palmer, jami'in mulkin mallaka, ya haƙa wasu a 1907, aka sake haƙa a 1992 tare da masana daga Jamus, aka samu kayan zinariya da tagulla da hauren giwa da duwatsun ado, shaidar cewa mutanen nan suna ciniki da nesa tun kafin a san za a yi wani Trevor-Roper. Iska tana ta kaɗa busasshen kara. Kawu ya cire takalmi, ban san dalili ba, ban kuma tambaya ba.

Wani yaro mai kiwon awaki, bai fi shekara 10 ba, ya tsaya daga nesa yana kallonmu. Kawu ya yafito shi.

"Samari, kabarin wane ne wannan?"

"Na sarakunan da ne, Baba."

"Wa ya gaya maka?"

"Kakata."

"Ita kuma wa ya gaya mata?"

Yaron ya sosa ƙeya, ya dubi awakinsa, ya dube mu. "Sai dai ku zo ku tambaye ta. Tana gida tana sussuka."

Na dubi agogo, sha ɗaya da rabi, ga Zariya da nisa. Kawu ya riga ya mayar da takalminsa. Ya miƙa wa yaron goro ya ce ya kai wa tsohuwa, ya ce da ni in ɗauko littafin nan nawa daga mota, in zo da biro biyu.